Tambayi Likita: "Tsoron Cif ya hana ni kiransa cikin dare"

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Baba Likita. Ni likita ce mai neman ƙwarewa a sashen tiyata na wani asibitin koyarwa a Arewa, ina shekara ta biyu. Tun ina ɗaliba nake son ɗakin tiyata, amma yanzu da na ji takun Cif ɗinmu, wato babban likitan da ke shugabantar rukuninmu, a baranda sai gabana ya faɗi. A zagayen safe, gaban marasa lafiya da ɗalibai da nas-nas, yakan tambaye ni wa ya ba ni takardar likita. Ya taɓa yin jifa da almakashi don na yanke zaren ɗinki da tsawo.

Kwanakin baya mun yi wa wani yaro ɗan shekara 12 aikin hujewar hanji sakamakon taifod. Kwana huɗu bayan aiki, cikin dare, cikinsa ya kumbura, bugun zuciyarsa ya hau, fitsari ya ragu. Babban rejistaranmu, wato likitan da ke gaba da ni a horo, yana ɗakin tiyata da wani mai haɗarin mota. Na ɗauki waya zan kira Cif, na ajiye, domin ranar da na taɓa kiransa cewa ya yi kada in ƙara tashinsa a kan abin da ɗalibi zai iya. Na ƙara wa yaron ruwa, na jira gari ya waye. Da safe aka koma da shi tiyata, ashe ɗinkin ne ya ɓalle. Allah ya sa ya rayu, amma ni har yau ba na barci sosai.

Ga shi littafin da nake rubuta ayyukan da na yi da hannuna kusan fanko ne, aikina riƙe ƙarfen buɗe rauni kawai. Haka horon yake dama? In haƙura, in kai ƙara, ko in bi ƙawayena da suka tafi Saudiyya da Ingila?

Wata 'yarka

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Alhamdu lillahi da yaron ya tashi, Allah ya ƙara masa lafiya. Zan fara da daren nan, domin sauran abin da kika lissafa zai iya jiran wata guda, shi kuwa zai iya maimaita kansa gobe.

Yaron da aka ɗinke wa hanji, ciki ya kumbura, zuciya na gudu, fitsari ya ja baya: kin san fassarar wannan sarai, shi ya sa hannunki ya kai ga waya. Iliminki bai gaza ba a daren, tsoro ne ya karɓe wayar daga hannunki. Daga yau ki kafa wa kanki doka: duk lokacin da zuciyarki ta ce ki kira, ki kira. Ya yi faɗa, ya kashe waya, ya yi da ke a zagayen safe, ki shanye. Faɗan zai wuce kafin azahar. Abin da ke zuba daga hanji cikin cikin yaro kuwa kowace awa ƙara dafi yake yi.

Kiran ma yana da tsari. Kafin ki danna lamba, ki je gadon da kanki, ki taɓa cikin, ki ɗauki awo, ki riƙe foldar bayanan mara lafiyar a hannu. Idan ya ɗaga, ban da doguwar ban haƙuri. Ki ce: "Ranka ya daɗe, wance ce daga ɗakin yara. Yaron da muka yi wa hanji ranar Litinin ne. Bugun zuciya ya tashi daga 100 zuwa 140, zafin jiki 39, fitsari ya ragu sosai tun magariba, ciki ya yi tauri. Ina zargin ɗinki ya ɓalle. Na sa ruwa, na aika a haɗa jini. Ina so ka zo ka gan shi yanzu." Wannan magana ta ƙarshe ita ƙananan likitoci suka fi haɗiyewa. Sai su zuba bayani su yi shiru, suna fatan oga ya gane da kansa. Wanda aka tasa daga barci ba ya gane ishara, sai an faɗa masa ƙiri-ƙiri abin da ake so. Bayan haka ki rubuta a folda: ƙarfe kaza na kira wane, ya ce kaza. In bai ɗaga ba, ko ya ƙi zuwa alhali yaro na ƙara lalacewa, ki aika a faɗa wa babban rejistara ko da hannunsa na cikin aiki, ki kira wani kwansoltan, wato ƙwararren likita irin Cif, na sashen, har shugaban sashe in ta kama. Babu wanda zai hukunta ki don kin tashe shi a kan yaro mai mutuwa, in ma an yi, hukuncin mai sauƙi ne a kan wanda zuciyarki ke yi miki yanzu.

Ina so ki san ba ke kaɗai ba ce, kuma abin bai tsaya a ƙasarmu ba. A shekarar 2005, a Ingila, an kai wata mata mai suna Elaine Bromiley, 'yar shekara 37, ɗakin tiyata don ƙaramin aiki a hanci. Bayan an sa ta barci sai aka kasa zura mata bututun numfashi. Manyan likitoci uku suka duƙufa a kanta suna ta gwadawa, iskar jininta na ta sauka. Wata nas ta ga inda aka dosa, ta ɗauko kayan huda maƙogwaro ta kawo, ta ce ga su nan. Babu wanda ya tanka mata. Wata kuma ta je ta kama gado a sashen kulawa ta musamman, da ta dawo ta faɗa sai aka dube ta kamar mai zuzuta abu, ta koma ta soke. Matar ta rasu bayan kwana 13 saboda illar da rashin iska ya yi wa ƙwaƙwalwarta. Mijinta, Martin Bromiley, matuƙin jirgin sama ne, kuma a aikinsu an daɗe da koyon wannan darasi da jini: a 1977 jirage biyu sun yi karo a filin jirgin Tenerife, mutum 583 suka mutu, bayan injiniyan ɗaya jirgin ya tambayi kyaftin ko ɗaya jirgin ya bar titin, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, aka yi shiru. Tun daga nan kamfanonin jirage suka shiga horar da na ƙasa yadda zai yi magana, da na sama yadda zai saurara. Martin ya kafa ƙungiya don a shigo da irin wannan horo asibitoci. Abin lura a labarin matarsa shi ne, waɗanda suka san mafita suna cikin ɗakin, tsayuwar matsayi ce ta danne muryarsu.

Game da tsawa da gori kuwa, an gwada illarsu a aikace. A 2015 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Isra'ila da rukuni 24 na likitoci da nas-nas masu kula da jarirai bakwaini. Aka ba su mutum-mutumin jariri mai ciwon hanji su yi aiki a kansa, aka ce wani ƙwararre daga Amurka yana kallo. Wasu rukunan ya yi musu magana ta al'ada, wasu kuma ya ɗan yaɓa musu baƙar magana, irin ta cewa ba za su yi mako guda a sashensa ba. Waɗanda aka yaɓa wa magana sun fi kuskure wajen gano ciwon da wajen aikin hannu, kuma sun rage tambayar juna da neman taimako. Baƙar magana ce fa ta 'yan daƙiƙoƙi, daga baƙon da ba shi da iko da albashinsu ko jarrabawarsu. To ina ga wanda zai sa hannu a takardarki ta zuwa jarrabawa, kuma kullum safiya kina gabansa?

Kin tambaya ko haka horon yake. Yawancin tsarin da muke bi ya samo asali daga William Halsted, wanda ya kafa horon likitocin tiyata a asibitin Johns Hopkins na Amurka bayan buɗe shi a 1889. Almajiransa a cikin asibitin suke kwana, babu ranar gamawa sai ranar da malam ya ce an gama, kuma da yawa ake ɗauka, kaɗan ke kaiwa ƙarshe. Tsarin ya fitar da gwanaye, ba a musun wannan. Amma ya bar gadon tunanin cewa wahala da ƙasƙanci su ne kuɗin makaranta, wanda ya sha kuma sai ya shayar. Ƙasashen da suka yi wannan gadon sun fara tuba. A 2015 kwalejin likitocin tiyata ta Ostireliya da Niyu Zilan ta fito fili ta nemi gafara, bayan bincikenta ya nuna kusan rabin waɗanda suka amsa sun taɓa fuskantar cin zali ko wariya ko cin zarafi a wurin aiki. Kuma muna da wani gadon da ya girmi na Halsted nesa ba kusa ba. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajen shekarar 1013, wanda Turai ta yi ƙarnoni tana karanta babinsa na tiyata a littafinsa At-Tasrif, "'ya'yana" yake kiran ɗalibansa a rubutunsa.

Sai dai ki bambanta tsanani da wulaƙanci, don kada ki haɗa malamin kirki mai zafi da azzalumi. Tiyata tana buƙatar tsanani. Wanda ya zo ɗakin tiyata bai karanta aikin ba, ko ya rubuta cewa ya duba mara lafiya alhali bai duba ba, ya cancanci a yi masa faɗa sosai. Ma'aunin da nake ba yarana shi ne: bayan an gama yi miki faɗa, kin san abin da za ki gyara gobe? In kin sani, an koyar da ke, ko da da zafi. In abin da kika fita da shi kawai shi ne ke banza ce, to an zage ki ne. "Wa ya ba ki takardar likita" ba ta koya wa kowa tsawon da ake barin zare.

Maganar littafinki da ke fanko ta fi damuna fiye da tsawar. Yaron motar da ya shekara biyu yana wanki da ɗaure kaya ba a taɓa ba shi sitiyari ba, ba direba ake renonsa ya zama ba. Kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, da kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma, dukkansu suna neman littafin nan kafin a zauna jarrabawa, kuma da sharaɗin koyarwa suke ba asibiti izinin horo. Saboda haka neman wuƙa haƙƙinki ne, ba alfarma ba. Amma ki nema da dabara. Ki duba jerin ayyukan mako, ki zaɓi ɗaya daidai matakinki, ƙaba ko afendis ko cire ƙari a fata. Ke za ki karɓi mara lafiyar, ki shirya shi, ki karanta aikin daki-daki. Kwana guda kafin ranar ki sami Cif shi kaɗai a ofis, ba gaban jama'a ba, ki ce: "Ranka ya daɗe, na shirya mai ƙabar gobe, na karanta, ina roƙon ka bar ni in buɗe in kai ga jakar ƙabar kana tsaye." Ki nemi yanki, kada ki nemi duka. Da yawa daga cikinmu masu zafin nan mukan yi laushi idan muka ga yaro ya zo a shirye. Kuma kada ki raina babban rejistara. Yawancin abin da hannun likitan tiyata ya iya, a ayyukan gaggawa na dare ya koye shi, wajen wanda ya girme shi da shekara uku.

Kai ƙara fa? In abin ya tsaya a kaushin harshe, ki fara da shugaban likitoci masu neman ƙwarewa na sashenku da malamin da ke kula da horo. Sau da yawa akwai wani dattijo a sashen da Cif ke jin nauyinsa, magana ɗaya a ofis ta wadatar. In ya kai ga jifa da kayan aiki, ko taɓa jiki, ko wata magana da ta shafi mutuncinki na 'ya mace, wannan ya wuce a rufe. Ki rubuta rana da wuri da waɗanda ke nan, ki kai wa shugaban sashe a rubuce, ki sanar da reshen ƙungiyarku ta likitoci masu neman ƙwarewa. In akwai wasu da abin ya shafa, ku tafi tare. Kuma zagayen horo yana juyawa, wata uku ko shida za ki koma wani rukuni. Kina iya roƙon a gaggauta.

Tafiya waje ba zan ce miki haramun ba ce, ba kuma zan zarge ki da rashin kishi ba. Roƙona ɗaya: kada ki yanke shawarar rayuwarki a kan mutum ɗaya. Ki ga wani rukunin, ki ɗanɗana aiki da wani malamin, ki yi jarrabawarki ta farko. Rashin barcin nan kuma kada ki riƙe shi ke kaɗai. Ki sami wata babbar likita da kika yarda da ita ki ba ta labarin daren nan tun daga farko. In ya ci gaba da hana ki sukuni, ki ga likitan ƙwaƙwalwa, ba abin kunya ba ne.

TAMBAYA

Likita, ni ma kwansoltan ne a fannin tiyata. Yaran yanzu sun ishe ni. Mu a zamaninmu mukan yi kwana uku a asibiti ba mu ga gida ba, ba mu taɓa ƙorafi ba. Su kuwa ido na kan waya, ƙarfe huɗu na yi suna duba agogo, kowa na karatun jarrabawar ficewa waje. In ka yi faɗa a ce ka cika zafi, in ka yi shiru aiki ya lalace. Na gaji da koyar da wanda na san gobe zai hau jirgi. Ta yaya ake sa wa irin waɗannan himma?

Abokin aikinka

AMSA

Ɗan'uwa, na san wannan gajiyar, kuma ba ƙarya ka faɗa ba: akwai malalata a cikinsu, kamar yadda aka yi a cikinmu. Amma ka lissafa da adalci. Rukunin da a da yake da rejistara shida, yau nawa ne a naka? Duk wanda ya tafi, kwanan aikinsa a kan waɗanda suka rage yake faɗawa. Ga albashin da ba ya kai ƙarshen wata, ga kuɗin jarrabawa da na kwasa-kwasai, ga kuɗin horon da dokar horar da likitoci masu neman ƙwarewa ta 2017 ta tanada wanda sau da yawa sai an yi yajin aiki kafin ya fito. Yaron da kake gani yana hamma a zagaye, wataƙila daren jiya shi kaɗai ya riƙe ɗakin gaggawa da ɗakuna uku.

Kwana ukun da muke alfahari da shi ma ya kamata mu sake dubansa. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna wanda ya yi awa 24 bai runtsa ba, saurin hankalinsa da daidaiton hannunsa sukan ragu zuwa matakin wanda ya sha giyar da doka ta hana tuƙi da ita. A New York, mutuwar wata yarinya 'yar shekara 18, Libby Zion, a 1984 a hannun ƙananan likitoci masu doguwar tsayuwa ba tare da babba a kusa ba, ita ta jawo dokar taƙaita aikinsu zuwa awa 80 a mako, wadda ta game Amurka a 2003. A Turai awa 48 ne. Ba na cewa za mu iya wannan gobe da hannayen da muke da su. Amma kai da kanka kana iya cewa wanda ya kwana a tsaye ya tafi gida bayan zagayen safe, kuma kana iya takawa ka leƙa ɗakin da suke kwana. Yaushe rabonka da shiga? Akwai katifa, akwai ruwa, ƙofar tana kulluwa, musamman ga mata? Kwansoltan da ya je ofishin shugaban asibiti ya yi faɗa a kan fankar ɗakin yaransa, ya sayi zukatansu fiye da mai lacca goma a kan sadaukarwa.

Himma ba da wa'azi ake zuba ta ba. Wanda ya zaɓi tiyata, ya bar fannonin da ake kwana a gida, abu ɗaya ya kawo shi: yana son hannunsa ya iya. Ka ba shi wannan, ka ga ko zai duba agogo. Malamin da ya koya mini aikin ƙaba mutum ne mai tsanani, ba a ganin haƙorinsa a ɗakin tiyata. Ranar da ya fara ba ni wuƙa sai ya zagaya ya tsaya a gefen mataimaki, ya karɓi ƙarfen buɗe rauni ya riƙe da kansa. Duk shimfiɗar da na buɗe sai ya ce, "Me kake gani?" In na faɗa daidai ya ce, "Ci gaba." Da almakashina ya doshi wata jijiya da ba a son a taɓa, sai kawai ya ɗora yatsarsa a kanta, bai ce uffan ba, har na kauce. Aikin da zai gama cikin rabin awa ya tsaya mini fiye da awa, nas tana ta duban agogon bango. Da muka fito ya zaunar da ni, ya juya bayan takardar magani ya zana mini inda na ɓata lokaci da dalili. Daga ranar, da ya ce in kwana a ƙofar ɗakin tiyata da na kwana.

Wannan yana cin lokaci, na sani, ga jerin aiki mai tsawo, ga wuta da ke iya ɗaukewa. To ka ware aiki ɗaya a kowane jeri ka ce wannan na koyarwa ne, ka faɗa wa yaron tun jiya don ya karanta.

Sai wayar dare. Yadda ka amsa kiran farko shi zai yanke ko za a ƙara kiranka. In ka yi tsaki, ka saya wa kanka barcin wata shida, kuma wani mara lafiya ne zai biya. Ko da kiran bai cancanta ba, ka ce, "Ka kyauta da ka kira, yi kaza da kaza," gyaran ka bar shi sai da safe, ku biyu. Ni nakan faɗa wa duk sabon da ya zo rukunina, ranar farko, abubuwan da dole a tashe ni a kansu ko ƙarfe nawa ne: jini da ya ƙi tsayawa, bugun zuciya da ke hawa bayan aikin ciki, duk wanda za a mayar tiyata, duk wanda ya rasu, da duk lokacin da shi yaron ya ji hankalinsa bai kwanta ba ko da ya kasa faɗin dalili. Idan ka ba da wannan izini da bakinka, ka cire masa nauyin yanke hukuncin ko ya dame ka.

Amy Edmondson ta jami'ar Harvard da abokan aikinta sun bi rukuni 16 na masu tiyatar zuciya a lokacin da suke koyon wata sabuwar hanyar aiki ta ƙaramin yanka. Rukunan da suka fi saurin ƙwarewa ba su ne na likitocin da suka fi shekaru ko asibitocin da suka fi suna ba. Su ne waɗanda shugabansu ya ce wa kowa, har nas da mai kula da na'ura, "Ina buƙatar idonku, in kun ga abu ku faɗa," kuma da aka faɗa ya saurara. Takardar tantancewa ta ɗakin tiyata ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai tambayoyi 19, wadda aka fitar a 2008, a kan wannan tunani aka gina ta. An gwada ta a asibitoci takwas, har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-mace bayan tiyata suka sauka daga 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8, matsaloli kuma daga 11 zuwa 7 cikin ɗari. Ɗaya daga cikin matakanta shi ne kafin a sa wuƙa kowa ya faɗi sunansa da aikinsa. A wurare da yawa a nan an mayar da ita takardar da nas ke cikewa ita kaɗai a lungu bayan an gama. In kai Cif ka tsaya ka fara faɗin sunanka, ka tambayi ƙaramin cikinsu ko yana da abin da ke damunsa game da wannan aikin, ka buɗe bakin da zai iya cetonka wata rana.

Taron bitar matsaloli da mace-mace kuma kada ya zama kotun da ake gurfanar da rejistara. Mara lafiya sunanka ne a kan foldarsa. A gaban dangi da gaban taro kai za ka ce "rukunina", ka ɗauka. A ofis ka zauna da yaron ku bi abin tiryan-tiryan. Abu ɗaya ne ban yarda a sassauta a kansa ba, shi ne ƙarya: rubuta awon da ba a ɗauka ba, ko cewa an duba wanda ba a duba ba. Amma ka lura, inda ake yanka mutum a kan kuskure, nan ƙarya ta fi yawa.

Batun mai hawa jirgi gobe: ka koyar da shi duk da haka. Kafin ya tafi, mutanenmu zai yi wa aiki shekara biyu ko uku, da hannun da ka gyara ko wanda ka ƙi gyarawa. Kwamitin mujallar Lancet na 2015 ya ce kowace ƙasa na buƙatar aƙalla ƙwararru 20 na tiyata da sa barci da haihuwa ga kowane mutum dubu ɗari, mu ko kusa ba mu kai ba. Cikin waɗanda na ga sun zauna alhali suna da hanyar tafiya, da waɗanda suka je suka dawo, da wuya ka sami wanda bai ambaci wani malami da ya riƙe shi da mutunci ba.

TAMBAYA

Baba, ni nas ce a ɗakin tiyata. Wani lokaci ƙidayar audugar aiki, da muke yi don kada a manta wata a cikin mara lafiya, takan gaza da ɗaya, in na faɗa sai likita ya ce ni na yi kuskuren ƙirga, ya ci gaba da rufe raunin. Me ya kamata in yi?

Wata ma'aikaciyar jinya

AMSA

'Yata, ƙidayar nan amanarki ce, kuma a wannan gaɓar maganarki ce sama da ta kowa a ɗakin. Ki ɗaga murya yadda likitan sa barci da kowa zai ji: "Ranka ya daɗe, ƙidaya ba ta cika ba, saura ɗaya, a dakata da rufewa." Ku sake ƙirgawa ke da nas mai zagaye, wadda ke miƙo kaya daga gefe, a duba bokiti, ƙasa, ƙarƙashin zannuwa, shi kuma likita ya sake laluben cikin raunin. In ba a gani ba, a ɗauki hoton ciki kafin mara lafiya ya bar ɗakin. Audugar tiyata ta ainihi tana da zare a jikinta da ke fitowa a hoto, don haka ki tabbata irinta ake sayo muku. In ya dage ya rufe duk da haka, ki rubuta a takardar aiki cewa ƙidaya ba ta cika ba, kin sanar da wane da ƙarfe kaza, ku biyu ku sa hannu, ki kai wa shugabar ɗakin tiyata a ranar, kafin a mayar da mara lafiyar ɗakinsa.